GWIWAR HANNU TA ƘARFE: AIKIN SAUYA GAƁA GA MASU AMOSANIN GAƁƁAI



GABATARWA

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar gwiwa a cikin maganarsa. In mutum ya sami goyon baya sai a ce ya sami ƙarfin gwiwa, in kuwa ya karaya sai a ce gwiwarsa ta yi sanyi. Amma duk wannan kirari na gwiwar ƙafa ne. Ƙanwarta ta hannu ba a cika tunawa da ita ba, sai fa ranar da ta ƙi lanƙwasuwa, loma ta tsaya tsakanin akushi da baki. A kan wannan gaɓa laccar yau za ta yi magana, da wata cuta da ke cinye ta, da kuma aikin fiɗa da likitoci suka ƙago, na cire gaɓar da ta lalace a sa ta ƙarfe da roba a gurbinta.

Abin da laccar ke son tabbatarwa ɗaya ne. Sauya gwiwar hannu ciniki ne: ana ba majiyyaci sauƙin ciwo da motsin hannu, shi kuma ya biya da ƙarfinsa na ɗaukar kaya, biya na iyakar rayuwa. Wanda ya shiga cinikin bai san farashi ba lalle zai yi da-na-sani. Wanda kuwa aka gano cutarsa da wuri, aka ba shi maganin da ya dace, galibi ba ya ma kaiwa wannan kasuwa. Domin a fahimci haka za a fara da cutar kanta, sa'an nan ginin gaɓar, sa'an nan tarihin aikin da yadda ake yinsa, daga ƙarshe a auna ribarsa da hasararsa.

CUTAR DA HALINTA

Kalmar amosani faffaɗa ce a Hausa. Akwai amosanin kai, akwai amosanin jini wanda yanzu aka fi kira sikila, akwai kuma amosanin gaɓɓai, wanda waɗansu ke haɗa shi da sanyin ƙashi su kira su da suna ɗaya. A wurin likitoci kuwa ciwon gaɓɓai iri-iri ne, kowane da sanadinsa da maganinsa. Wanda aka fi gani shi ne na zaizayewar gaɓa saboda tsufa ko aikin ƙarfi, irin wanda ke kama gwiwoyin dattawa. Wanda ya shafi wannan lacca dabam ne. Likitoci na kiransa rumatoyid, kuma da sunan amosanin rumatoyid za a riƙa ambatonsa a nan.

Wani ɗalibin likita Bafaranshe, Landré-Beauvais, shi ne ya fara bayyana cutar filla-filla a 1800, daga majiyyatan da ya gani a wani asibitin talakawa a birnin Faris, akasarinsu mata. Sunan da aka san ta da shi yau kuwa wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya raɗa mata a 1859. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da ita a duniya, kuma wajen kashi 70 cikin 100 mata ne.

Asalin cutar daga garkuwar jiki yake. Kowace gaɓa mai motsi tana da wani tantani a cikinta wanda ke fid da ruwa mai yauƙi domin ƙasusuwa su riƙa gogar juna ba tare da ciwo ba. A jikin mai rumatoyid, garkuwar da aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta sai ta juya ta far wa wannan tantani, kamar mai gadi ya juya wa mutanen gida. Tantanin ya kumbura, ya yi kauri, ya malala kan guringuntsin da ya lulluɓe kawunan ƙasusuwa ya cinye shi, sa'an nan ya shiga ƙashin kansa yana ƙwaƙule shi yadda gara ke yi wa azara. Jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar su ma su saki. Gado yana da hannu a cikin wannan al'amari, shan taba ma an tabbatar yana ƙara haɗarinsa.

Alamunta sanannu ne ga wanda ya san su. Takan fara da ƙananan gaɓɓai na yatsu da wuyan hannu da tafin ƙafa, kuma takan kama dama da hagu tare. Mai ita kan tashi da safe gaɓɓai a sandare, ya ɗauki sa'a guda ko fiye kafin su sake, ga kumburi, ga kasala. In an bar ta sai ta yi ta hawa, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: daga yatsu ta kai gwiwar hannu da kafaɗa da wuya. Ana tabbatar da ita ta duban likita, da gwajin jini, da hoton ƙashi.

An daɗe ana zaton cutar ta Turawa ce. Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Zariya, ya yi bincike a Ibadan ya buga a 1969, inda ya nuna cewa ba a cika ganinta a asibitin can ba, in ma an gani ba ta da tsanani kamar ta Turai. Amma a 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka buga bayanin majiyyata 200 'yan Nijeriya da aka gani a wani asibitin ciwon gaɓɓai a Ikko, yawancinsu mata. Ashe cutar tana nan a ƙasar nan, sai dai sau da yawa tana ɓoye a ƙarƙashin sunan sanyi.

GININ GWIWAR HANNU DA AIKINTA

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwar hannu: ƙashin damtse wanda ya taso daga kafaɗa, da ƙasusuwa biyu na sangalin hannu waɗanda suka nufi wuyan hannu. Ɗaya daga cikin biyun nan yana da baki kamar ƙugiya, ya rungumi ƙarshen ƙashin damtse, da shi ake lanƙwasawa da miƙewa. Kansa ne tsinin da mutum ke dogarawa a kan tebur. Ɗayan kuwa kansa zagayayye ne kamar faifai, yana juyawa, shi ya sa ake iya kife tafi ko a buɗe shi sama don karɓar abu.

Masana na auna motsin gaɓa da digiri. Hannu a miƙe sak digiri 0 ne, in ya yi kusurwa irin ta bango da ƙasa digiri 90 ne, lafiyayyen hannu kuwa yakan lanƙwasu har wajen 145. A 1981 Bernard Morrey da abokan aikinsa na Asibitin Mayo a Amurka suka auna mutane suna ayyukan yau da kullum, suka tarar cewa yawancin ayyukan na bukatar motsi daga digiri 30 zuwa 130, da juya tafi digiri 50 kowane ɓangare. Wanda ya rasa wannan zango ya rasa cin abinci da hannunsa, da wanke fuska, da ɗaura ɗankwali, da tsarki a bayan gida. Gwiwar hannu ita ce ke kai hannu inda ake bukatarsa. Yatsu komai lafiyarsu, in ba su isa wurin ba, aikinsu ya tsaya.

Akwai wani lissafi da ya kamata a riƙe, domin zai dawo a gaba. Tsokar da ke lanƙwasa hannu tana kama ƙashi kusa da gaɓar, tazarar wajen santimita 5, kayan da aka riƙe kuwa suna can a tafi, tazarar wajen santimita 35. Saboda haka kilo ɗaya a tafin hannu yana bukatar tsokar ta ja da ƙarfin wajen kilo bakwai, kuma yawancin wannan ja a kan gaɓar yake sauka. Ƙaramar gaɓa ce, amma nauyin da take ɗauka ba ƙarami ba ne.

TARIHIN AIKIN

Likitocin ƙarni na 19, irin su Ollier na birnin Liyon a Faransa, in gwiwar hannu ta lalace sai su yanke kawunan ƙasusuwan su bar fili a tsakani. Ciwo kan ragu, amma sau da yawa hannun kan zama mai lilo, ba ƙarfi. A farkon ƙarni na 20 John Murphy na Shikago ya yaɗa dabarar shimfiɗa wani tantani da aka ɗebo daga jikin majiyyacin a tsakanin ƙasusuwan, ya tsaya a madadin guringuntsi. Akwai kuma hanyar haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya, gaɓar ta daina motsi gaba ɗaya. Wannan hanya tana aiki a waɗansu gaɓɓai, amma a gwiwar hannu matsala ce, domin babu kusurwa ɗaya da za a kafe hannu a kanta ya iya kaiwa baki kuma ya iya kaiwa ƙasan jiki.

Ƙofar zamani ta buɗe ne daga wata gaɓa dabam. A 1962 John Charnley, a asibitin Wrightington a Ingila, ya daidaita aikin sauya gaɓar kwatangwalo da ƙarfe da wata roba mai tauri, yana kafa su a cikin ƙashi da wani irin siminti na likita mai daskarewa cikin 'yan mintoci. Da aka ga nasarar wannan sai aka nemi kai ta sauran gaɓɓai. A 1972 Roger Dee, shi ma a Ingila, ya buga sakamakon sa wa masu rumatoyid gwiwar hannu ta ƙarfe da aka kafa da siminti. Ƙirarta irin ta mahaɗin ƙyaure ce, watau ƙarfen nan da kafinta ke kafa ƙyauren ƙofa da shi, mai buɗewa da rufewa kawai.

Da farko abin ya ba da sha'awa, ciwo ya tafi, hannu ya motsa. Amma cikin 'yan shekaru kaɗan sai ƙarafan suka fara girgiɗa a cikin ƙashi. Dalili kuwa shi ne gwiwar hannu ta halitta ba ƙyaure ba ce. Tana da ɗan wasa gefe da gefe, kuma tsokoki da jijiyoyi ne ke shanye murɗiyar da ta same ta. Mahaɗin ƙarfe da ba shi da wasa ko kaɗan sai ya tura dukan wannan murɗiya zuwa inda siminti ya kama ƙashi, yau da gobe har kamun ya saki.

Daga wannan darasi aka rabu hanya biyu. Waɗansu suka ce a raba ƙarafan, kada a haɗa su da komai, a lulluɓe kawunan ƙasusuwa kawai, jijiyoyin majiyyacin su riƙe gaɓar. A kan wannan ra'ayi aka ƙera samfurin Kudo a Japan, da na Souter a Sikotlan tare da Jami'ar Strathclyde, da na Ewald a Boston, duk a shekarun 1970. Aibinsu shi ne gocewa in jijiyoyin ba su da ƙwari, ga shi kuwa rumatoyid jijiyoyin take lalatawa. Waɗansu kuma suka ce a bar mahaɗin, amma a sassauta shi. Samfurin da Ralph Coonrad na Jami'ar Duke ya ƙera an gyara shi a 1978 aka ba shi wasa na wajen digiri 7 gefe da gefe, a 1981 kuma Morrey ya ƙara masa wani harshe da ke dafe gaban ƙashin damtse don hana ƙarfen murɗewa. Wannan samfuri na Coonrad da Morrey ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya, kuma a kansa aka fi tara bayani na shekaru masu yawa. A taƙaice, mahaɗin da ya ƙi sassautawa shi ya tumɓuke, wanda aka ba ɗan wasa shi ya daɗe.

WANDA YA CANCANTA, DA YADDA AKE AIKIN

Ba kowane mai rumatoyid ake yi wa wannan aiki ba. Sharaɗi na farko shi ne ciwo mai tsanani wanda ya ƙi jin magani, har yana hana barci, tare da hoton ƙashi da ya nuna guringuntsi ya ƙare. Na biyu shi ne gaɓar ta sandare ko ta saki har hannu ya kasa hidimar mai shi. In lalacewar ba ta kai nan ba, akan wadatu da allura a cikin gaɓa, ko a kankare kumburarren tantanin kawai a bar ƙasusuwan. An fi son majiyyacin ya manyanta, kuma ba mai aikin ƙarfi ba. Matashi manomi ko maƙeri, ko da gaɓarsa ta lalace, likita kan yi nawar sa masa ƙarfe, wani lokaci ma ya koma ga tsohuwar dabarar shimfiɗa tantani. Wanda ke da ƙwayar cuta a gaɓar, ko gyambo a fatar wurin, ba a taɓa shi sai an warkar da wannan.

Kafin ranar aiki akwai shiri. Ana ɗaukar hoton wuya, domin rumatoyid kan sassauta ƙasusuwan wuya na sama, kuma tanƙwara irin wannan wuya a lokacin da aka sa mutum barci haɗari ne ga laka. In gwiwar ƙafa ko kwatangwalo ma na bukatar sauyi, galibi su ake fara yi, saboda sandunan dogarawa da za a yi tafiya da su bayan aikin ƙafa za su ɗora nauyin jiki a kan sabuwar gwiwar hannu. Likita ne kuma zai faɗi magungunan da za a dakatar da waɗanda za a ci gaba da sha.

Aikin kansa yakan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu. Ana tsaga fata ta bayan gwiwar hannu. Abin da ake fara nema shi ne jijiyar nan da in mutum ya bugi gwiwar hannunsa sai ya ji zirr har ƙaramin yatsa; ana ware ta a kiyaye ta, sau da yawa a sauya mata hanya ta gaba. Sa'an nan a kauce wa tsokar bayan damtse, wadda ke miƙe hannu, ko a tsaga ta, ko a ɗaga ta daga ƙashi a mai da ita daga baya. A yanke kawunan ƙasusuwan da suka lalace, a share ramin ɓargo na ƙashin damtse da na ƙashin mai ƙugiya, a cika su da siminti, a zura wa kowanne ƙarfe mai doguwar jela. Ƙarafan na titaniyam ne ko na gamin kobal da kurom, waɗanda ba sa tsatsa a jiki. Daga nan a haɗa su da ƙusa mai ratsa zoben roba, a gwada motsi, a ɗinke. Bayan 'yan kwanaki majiyyaci kan koma gida, ya fara motsa hannu a hankali bisa koyarwar ma'aikatan gashin ƙashi, kuma akan ɗauki wajen wata uku kafin hannun ya zauna sosai.

RIBA DA FARASHI

Ribar aikin a fili take. Mafi yawan waɗanda aka yi wa kan rabu da ciwo ko ya ragu ƙwarai, hannu kuma ya koma kaiwa baki da kai, ko da yake sau da yawa ba ya miƙewa sak kamar da. Game da daɗewa, a 2016 Asibitin Mayo ya buga bayanin gwiwoyin hannu 461 da aka sauya wa masu rumatoyid cikin shekara talatin. Bayan shekara 10, kashi 92 cikin 100 na nan ba a sake su ba. Bayan shekara 15, kashi 83. Bayan shekara 20, kashi 68. A ƙasar Finlan kuwa, inda aka bi sawun gwiwoyi 1,457 na asibitocin ƙasar baki ɗaya aka buga a 2009, kashi 83 cikin 100 ne suka kai shekara 10, kuma an tarar cewa na asibitin da ya ƙware a kan rumatoyid sun fi na sauran daɗewa. Wannan ya nuna hannun da ya saba yana da tasiri. Aikin kuwa ba mai yawa ba ne ko a ƙasashen da suka ƙago shi: a Ingila, a shekarun da suka gabaci 2020, ana sauya kwatangwalo fiye da 90,000 a shekara, amma gwiwar hannu ba ta kai 1,000 ba.

Alkaluman nan suna da wata fuska. In an sa wa mace 'yar shekara 45 wannan ƙarfe, akwai yiwuwa mai ƙarfi za ta bukaci aiki na biyu a rayuwarta, na biyun kuwa ya fi na farko wuya, domin ƙashin da ya rage ya ƙara ƙanƙancewa. Haɗurran aikin ma sun fi na kwatangwalo da gwiwar ƙafa yawa. Fatar bayan gwiwar hannu siririya ce, ba nama tsakaninta da ƙashi, ga magungunan rumatoyid na rage ƙarfin garkuwa, saboda haka ƙwayoyin cuta na samun hanya, kuma in sun kama ƙarfe da wuya su sake shi sai an cire shi. Jijiyar ƙaramin yatsa na iya taɓuwa, yatsu biyu na gefe su mutu ko su yi rauni. Tsokar bayan damtse na iya saki. Zoben roba na cinyewa, ƙarfe na girgiɗa, ƙashin da ke kewaye da shi na iya karyewa in an faɗi.

Babban farashin dai shi ne dokar nauyi. Ƙa'idar da likitoci suka saba bayarwa ita ce, da hannun da aka yi wa aiki kada a ɗaga abin da ya wuce wajen kilo 5 a tashi ɗaya, kuma kada a yi ta maimaita ɗaga abin da ya wuce wajen kilo 1. Dokar ba ta da ranar ƙarewa. Lissafin nan na ninki bakwai shi ne dalilinta: ƙashi mai rai yana gyara kansa in ya gaji, siminti da roba kuwa ba sa gyaruwa, sai dai su ci gaba da lalacewa.

A auna wannan doka da rayuwar gidan Bahaushe, tun da mata cutar ta fi kamawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau jarka mai lita 25 ta ninka iyakar sau biyar. Jan guga daga rijiya ya fita. Daka da surfe sun fita, domin ban da nauyin taɓarya akwai girgizar kowane bugu. Tuƙin tuwon gida mai yawa, da matse manyan kayan wanki, duk sun fita. Jariri kafin ya cika wata shida ya wuce kilo 5, ashe kaka ba za ta ɗaga jikanta da wannan hannu ba, sai dai a ɗora mata shi a cinya. Ko tashi daga tabarma, wanda aka saba yi ta dafa ƙasa da hannu, sai an sake masa dabara. Har ila yau babu tsaga, babu ƙaho, babu lalas a wannan hannu, kuma ƙurji ko ciwon haƙori ba a yi musu sakaci, don ƙwayar cuta na iya bin jini ta sauka kan ƙarfen.

Saboda haka shawarar aikin ba ta majiyyaciya da likita kaɗai ba ce. Tilas maigida da 'ya'ya da abokan zama su san dokar, su kuma yarda za su ɗauke mata abin da aka hana ta, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan da zai ga ciwo ya tafi ya ɗauka ta warke, ya mai da ita bakin turmi, shi zai karya abin da likita ya gina.

MAGANIN DA YA RAGE BUKATAR WUƘA

Yayin da likitocin fiɗa ke gyara ƙarafansu, likitocin magani ma ba su zauna ba. A 1929 Jacques Forestier a Faransa ya fara yi wa masu cutar allurar gishirin zinariya. A 1948 Philip Hench na Asibitin Mayo ya gwada kotison, majiyyatan da ke kwance suka miƙe, har aka ba shi lambar Nobel a 1950 tare da abokan bincike biyu. Daga baya aka gane cewa kotison da danginsa, in an daɗe ana sha da yawa, suna rarake ƙashi, su sirantar da fata, su jawo ciwon sukari da hawan jini. Wannan gargaɗi ne ga masu sayen firednisolon ko deksametazon a kantin magani ba da izinin likita ba: sauƙin da suke ji yau, ƙashinsu ne zai biya gobe, kuma ƙashin da ya rarake ba ya riƙe ƙarfe da kyau.

Sauyi na haƙiƙa ya zo da maganin metotireksat, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don rumatoyid a 1988. Sau ɗaya a mako ake shan sa, shan sa kullum na iya kisa, mai ciki ba ta sha, kuma yana bukatar gwajin jini a kai a kai. Amma yana danne cutar daga tushe, ga shi da araha in an gwada da na bayansa. A farkon shekarun 1990 Ravinder Maini da Marc Feldmann a Landan suka nuna cewa toshe wani sinadarin kumburi na garkuwar jiki na tsai da ɓarnar, daga 1998 kuma allurai irin wannan suka shiga kasuwa. Suna da tsada, kuma sai an binciki tarin fuka kafin a fara su, don suna iya ta da wanda ke kwance a jiki. Bayan yaɗuwar waɗannan magunguna, ƙididdigar ƙasashen Norwe da Finlan da Sikotlan ta nuna yawan gwiwoyin hannun da ake sauya wa masu rumatoyid ya ragu, har a wurare da dama karayar tsofaffi ta zama babban dalilin yin aikin.

Sharaɗin wannan nasara shi ne sammako. Watannin farko na cutar, musamman uku zuwa shida, su ne lokacin da magani ya fi cin ta, guringuntsin da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Maɗori gwani ne a kan karaya da targaɗe, amma wannan cuta ba karaya ba ce, kuma gwiwar hannu na daga cikin gaɓɓan da suka fi saurin sandarewa in an ɗaure su. Wanda ya ga yatsunsa na dama da hagu sun kumbura, suna sandarewa da safe har tsawon makonni, hanyarsa ita ce asibiti, a tura shi ga likitan ciwon gaɓɓai a asibitin koyarwa. In lalacewa ta riga ta auku, akwai asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da na Igbobi a Ikko da na Inugu, inda za a duba a ba da shawara.

KAMMALAWA

An ga yadda amosanin rumatoyid ke cin gwiwar hannu, da yadda likitoci suka yi ta gwaji daga yanke ƙashi zuwa mahaɗi mai tauri, daga nan zuwa mai sassauci. Ga dattijuwar da ciwo ya hana barci, wadda sai an ba ta abinci a baki an kuma yi mata wanka, gwiwar ƙarfe na mai da mata mutuncinta, kuma kilo 5 ba tsada ba ne a wurinta. Ga wanda abincinsa ke cikin ƙarfin damtsensa kuwa, sai an yi dogon nazari. Tambayoyi uku ya kamata kowane majiyyaci ya yi kafin ya sa hannu a takarda: sau nawa likitan ya yi irin wannan aiki, mene ne ba zai ƙara yi da hannun ba, kuma ina za a je in ƙarfen ya girgiɗa.

Aikin da ya rage a kan malamai da ɗaliban harshe da ma'aikatan lafiya shi ne su raba wannan cuta da sauran abubuwan da ake kira sanyi, su ba ta suna da bayanin da mutumin ƙauye zai gane, don ya zo asibiti da yatsu biyu a kumbure tun kafin abin ya hau gwiwar hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.